Rangwamen haraji kan motar haibirid: wace iri za ka saya, kuma ko jira ya fi?

Duk lokacin da wata gwamnati ta ce tana shirin sassauta haraji ga masu sayen motar haibirid, wato mai haɗa injin fetur da batir, wanda kuɗin motarsa ya riga ya cika yakan shiga tsaka mai wuya. Ya saya yanzu, ko ya dakata sai doka ta fito? In ma zai saya, wace iri? Tambaya ta biyu ta fi ta farko nauyi, domin motoci uku ne mabambanta suke amsa wannan suna ɗaya, kuma masu rubuta dokar haraji ba kasafai suke yi musu kuɗin goro ba. Akwai ƙaramar haibirid, wadda batirinta ke taya inji kawai. Akwai cikakkiya, wadda ke cajin kanta tana tafiya, tana kuma iya ɗan tafiya da lantarki kaɗai. Sai mai filogi, wadda ake jona wa wuta a gida. A gefe guda ga motar fetur da kowa ya sani, a ɗaya gefen ga motar lantarki zalla, wadda sau da yawa ita ce 'yar gaban goshin irin waɗannan dokoki.

Matsayata ita ce: ka fara yin lissafi kamar rangwamen ba zai zo ba. Motar da ta ci wannan lissafi, in rangwame ya zo ya zama ƙari. Wadda ba ta ci ba sai an ɗora mata rangwame, ka yi hattara da ita.

## Abin da za ka auna kafin ka je wurin dila

Na farko shi ne kuɗin da zai bar aljihunka ranar saye, ba farashin da ke jikin talla ba. A ciki akwai harajin sayen kaya, kuɗin fito in daga waje aka shigo da motar, rajista, inshora, da ruwan bashi in banki ne zai biya maka. Rangwame yakan taɓa ɗaya daga cikin waɗannan ya bar sauran yadda suke.

Na biyu, man da motar za ta rage maka a irin hanyar da kake bi kullum. Haibirid daga birki da tsaye-tsaye take cin riba. Duk sanda ka taka birki, injin lantarkinta yakan juye ya zama janareta, ya mayar da ƙarfin gudun cikin batir maimakon ya salwanta a zafin takalmin birki. In ka tsaya a cunkoso kuma, injin fetur ya mutu da kansa. A babban titi, inda za ka yi awa biyu kana gudun kilomita 120 ba birki ba tsayawa, ribar takan ragu ƙwarai.

Lissafin ba shi da wuya. Ɗauki ƙarin farashin haibirid a kan 'yar uwarta ta fetur, ka cire rangwamen da ka tabbata zai shigo hannunka, ka raba abin da ya saura da kuɗin man da za ka rage a shekara. Amsar ita ce yawan shekarun da motar za ta yi kafin ta mayar da ƙarin kuɗinta. A ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka, Toyota Corolla ta fetur tana shan kusan lita 7 a kilomita 100, ta haibirid kuma wajen lita 4.7. Mai yin kilomita 20,000 a shekara ya rage wajen lita 460. Mai yin kilomita 6,000 bai rage abin da ya wuce lita 140 ba. Mota ɗaya, rangwame ɗaya, amma na farko zai fanshe kuɗinsa da wuri fiye da na biyu sau uku.

Sai ƙarko da gyara, kuma a nan tambayar ba ta tsaya ga shekarun da batir zai yi ba: akwai makanikin da ya san wannan tsari kusa da kai, akwai kayan gyaransa? Daga nan sai sauƙin zama da motar, wanda kusan duka magana ce ta caji. Na ƙarshe shi ne haɗarin da ba na ƙarfe ba: doka ta canza, ko darajar motar ta faɗi ranar da za ka sayar.

## Rangwamen kansa wane iri ne?

Kafin a zo ga motoci, dole a tsaya a nan, domin adadin da ake shelantawa a labarai ba shi ne abin da mai saye ke samu ba.

Wanda ya fi amfani ga mai saye shi ne wanda ake cirewa nan take: a yafe harajin sayen kaya, ko kuɗin fito, ko kuɗin rajista. Ba ka cike takarda ba ka jira, kuma bashin da za ka ci ya ragu, ruwansa ma ya ragu. Masu bincike biyu, Kelly Sims Gallagher da Erich Muehlegger, sun duba irin tallafin da jihohin Amurka suka bayar, suka wallafa sakamako a 2011: yafe harajin saye ya fi ragin harajin kuɗin shiga jawo cinikin haibirid nesa ba kusa ba, ko da adadin kuɗin bai kai na ɗayan ba.

Iri na biyu shi ne wanda sai ƙarshen shekara, lokacin da kake cike takardun harajin kuɗin shiga. Shi ma kashi biyu ne, kuma mutane da yawa suna ruɗa su. Wani daga harajin kansa ake cirewa: in ana bin ka 3,000 aka ba ka rangwamen 2,000, sai ka biya 1,000. Wani kuwa daga kuɗin shigar da za a yi wa haraji ake cirewa: in ana yankar maka kashi 25 cikin 100, rangwamen 2,000 bai amfane ka da abin da ya wuce 500 ba. Sannan a wasu dokokin, in harajin da ake bin ka bai kai yawan rangwamen ba, ragowar ta tafi kenan, ba a mayar maka da tsaba. Haka rangwamen dala 7,500 da Amurka ta riƙa bai wa masu sayen motar lantarki da mai filogi ya daɗe yana aiki, har sai a Janairun 2024 aka ba da damar a miƙa rangwamen ga dila ya cire shi daga farashi. Ma'ana, mai ƙaramin albashi da ɗan fansho, waɗanda suka fi buƙatar sauƙin, su ne suka fi samun kaɗan.

Akwai kuma sauƙin shekara-shekara, kamar rage kuɗin lasisin mota ko yafe kuɗin shiga tsakiyar birni. Wannan shi ya fi saurin gushewa. Landan ta daɗe tana yafe wa wasu motocin haibirid kuɗin cunkoso, ta riƙa matse sharuɗɗan, har a Oktoban 2021 ta cire masu filogi ma.

Komai irin rangwamen, ka nemi daftarin dokar ka duba waɗannan abubuwa da idonka. Yaya aka fassara "haibirid"? Dokar Amurka daga 2023 ta ce sai batirin ya kai kilowat-awa 7 (ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka) kuma ana iya cajinsa daga waje, wato cikakkiyar haibirid ba ta samu ko kwabo ba. Jihar Uttar Pradesh ta Indiya kuwa, da ta yafe kuɗin rajista a Yulin 2024, cikakkiya da mai filogi ta nufa, ƙarama ba ta ciki. Akwai iyakar farashi? A waccan dokar ta Amurka an sa dala 55,000 ga ƙananan motoci, 80,000 ga manya. Akwai iyakar kuɗin shiga? Dole ne a ƙasar aka haɗa motar? Ta hannu tana ciki? Kuma wace rana ake ƙirgawa: ranar da ka sa hannu, ranar da aka miƙa maka makulli, ko ranar rajista? Wannan ta ƙarshen tana cin mutane, domin mota takan yi watanni kafin ta iso, kuma wa'adi ba ya jira.

## Motar fetur da ƙaramar haibirid

Na haɗa su ne domin a zahiri tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa. Motar fetur ita ce mafi araha ranar saye, kowane gareji ya san ta, kayan gyaranta a ko'ina. Rangwame ba ya zuwa mata, a wasu ƙasashen ma ita ake ƙara wa haraji domin a biya wa sauran, kamar tsarin da Faransa ta fara a 2008 na saka wa mai ƙarancin hayaƙi da cin tarar mai yawansa.

Ƙaramar haibirid motar fetur ce da aka musanya wa altaneta da wata na'ura mai aiki biyu, ta ta da inji ta kuma yi caji, galibi a kan volt 48, da ɗan batir da bai cika kai kilowat-awa 1 ba. Tana kashe inji a tsaye, tana ɗan tura shi lokacin tashi. Mafi yawansu ba sa iya tafiya da lantarki kaɗai. Ragin mai yakan tsaya tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100. Ƙarin farashinta kaɗan ne, tuƙinta ba ya buƙatar koyon komai. Amma duk abin da ke lalacewa a motar fetur yana nan a jikinta, ga kuma ƙarin batir na biyu, da na'urar sauke volt 48 zuwa 12, da bel mai ɗaukar nauyi fiye da na kullum. Haɗarinta babba shi ne ka saye ta don tambarin da ke bayanta, doka ta fito ka tarar ba da ita ake ba. In ka ga rangwame ya haɗa da ita, to, madalla. Kada dai ka gina lissafi a kai.

## Cikakkiyar haibirid

Wannan ita ce tsohuwar hannu. Toyota Prius ta fito a Japan a ƙarshen 1997, Honda Insight ta biyo baya a 1999, saboda haka akwai tarihin fiye da shekara 25 da za a duba, har da motocin tasi da suka yi ɗaruruwan dubban kilomita. Batirinta ƙarami ne, kilowat-awa 1 zuwa 2. Ba a jona ta, ba ruwanka da soket. A cikin gari takan rage mai da kashi 30 zuwa 40 cikin 100, a doguwar hanya ƙasa da haka.

Ta fuskar ƙarko, abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne kayan da aka cire mata. A tsarin Toyota babu altaneta, babu kik, babu kuloci, babu giyabos irin wanda aka saba. Wasu haƙoran giya ne kaɗan suke raba ƙarfi tsakanin injin fetur da injinan lantarki biyu. Takalmin birki yakan daɗe sosai tunda janareta ke yin mafi yawan aikin. Ba duka kamfanoni ne suke bin wannan tsari ba: na Hyundai da Kia yana da giyabos na sosai, don haka ka tambayi wanne ne a motar da kake dubawa.

Batirin yana daɗewa ne saboda kwamfutar motar ba ta barin sa ya cika fal ko ya ƙare ƙaf. A tsofaffin Prius tana riƙe shi tsakanin kusan kashi 40 zuwa 80 cikin 100. Toyota a Amurka ta ɗaga garantin batirin zuwa shekara 10 ko mil 150,000, wajen kilomita 240,000, daga samfurin 2020. Abin da ke kashe shi da wuri zafi ne. Akwai fanka da ke jawo iska daga cikin mota, mafi yawa ta wata ƙofa kusa da kujerar baya. Ƙura, gashi, ko jakar da aka jingina a bakin ƙofar, sai iska ta ragu, batir ya riƙa aiki cikin zafi, ƙarfinsa ya riƙa zubewa ba ka sani ba. Share matatar wannan fanka aikin mintuna ne, kuma shi ne gyara mafi riba a jikin motar. Dogon ajiya ma ba ya yi masa daɗi. Motar da za ta yi wata uku ba a kunna ba tana iya ƙin tashi, ko da yake sau da yawa ƙaramin batirin volt 12 ne ke fara mutuwa, mutum ya tsorata ya ɗauka babban ne.

Kurakuran gareji guda biyu sun fi yawa. Kwamfuresar na'urar sanyaya mota ta lantarki ce, tana da manta na musamman da ba ya ɗaukar wuta. In aka zuba irin na motar fetur, wuta takan fara zurarewa, kwamfuta ta hana motar tashi, a ƙarshe sai an wanke ko an canza tsarin gaba ɗaya. Na biyu shi ne baƙin mai: waɗannan injina an yi su ne don mai tsinkakke, irin 0W-20 ko 0W-16, saboda suna mutuwa suna tashi sau ba adadi a rana. Wayoyi masu launin lemo kuwa suna ɗauke da wutar da ta haura volt 200, ba wurin gwada sa'a ba ne.

Ga mai son ta hannu: batirin Prius ƙira ta biyu da ta uku gutsattsari 28 ne da aka jera. Ka sa a jona kwamfutar gwaji a duba ƙarfin kowane rukuni ana tuƙi, ana hawa da sauka. In ɗaya yana faɗuwa ƙasa da sauran, batirin ya fara tafiya. Canza gutsure ɗaya a tsohon batir yana da araha, amma sau da yawa bayan 'yan watanni wani ya biyo baya, domin duk tare suka tsufa. Ka sa kuɗin sabon batir cikin cinikin tun farko.

Inda ta gaza shi ne wurin rangwamen kansa. Ƙasashe da yawa sun taɓa tallafa mata suka daina, suna ganin ta riga ta tsaya da ƙafarta. Sa'arta ita ce ba ta cika buƙatarsa ba.

## Haibirid mai filogi

A takarda babu kamarta. Batirinta kilowat-awa 8 zuwa 20 ko fiye, tana yin kilomita 40 zuwa 100 da lantarki kaɗai, in ya ƙare injin fetur ya karɓa. Toyota RAV4 mai filogi, alal misali, ta zo da batirin kilowat-awa 18.1 da tafiyar kusan kilomita 68 a ma'aunin Amurka. Ita ce kuma dokokin rangwame suka fi sakar wa hannu a cikin ukun. A Jamus tallafinta ya kai yuro 6,750 in an haɗa na gwamnati da na kamfani.

Amma duk alherinta a kan sharaɗi ɗaya yake: ka yi caji kowane dare. Cibiyar ICCT, mai bincike kan hayaƙin ababen hawa, ta bi diddigin motoci dubbai a Turai ta fitar da rahoto a 2022. Masu motar kansu sun sha lita 4 zuwa 4.4 a kilomita 100, motocin kamfani kuwa lita 7.6 zuwa 8.4, wato ninki uku zuwa biyar na abin da gwajin hukuma ya nuna. Dalili a fili yake: kamfani ne ke biyan kuɗin mai, direba ne zai biya kuɗin wutar gidansa, sai wayar caji ta zauna a but cikin ledarta. Rahoton Hukumar Tarayyar Turai na 2024 ma ya gano hayaƙin da suke fitarwa a titi ya ninka na ɗakin gwaji sau uku da rabi. Mai filogin da ba a caji cikakkiyar haibirid ce mai ɗauke da kilo 200 zuwa 300 na banza, kuma ka biya kuɗin wannan nauyi.

Cajin kansa ba wuya in kana da wurin ajiye mota naka. Soket na gida mai volt 230 yana ba da wajen kilowat 2.3, ya cika irin wannan batir a awa 6 zuwa 8. Sai dai awanni ne na jan wuta ba ƙaƙƙautawa, don haka a sa mai gyaran wuta ya duba kaurin waya, da wayar ƙasa, da soket ɗin. Doguwar wayar jone-jone da aka naɗe tana zafi har ta narke. Ka kuma auna kuɗin wuta da na mai. Irin wannan mota tana cin kusan kilowat-awa 20 a kilomita 100 in tana kan lantarki, ko lita 6 in tana kan fetur. Kenan in farashin kilowat-awa ɗaya ya kai kusan sulusin farashin lita, caji bai rage maka komai ba. Wuraren caji na kuɗi sukan haura wannan iyaka.

Wajen gyara, tsari biyu cikakku kake ɗauke da su. Wanda ke caji kullum ma yana da tasa matsalar: inji ya yi makonni bai tashi ba, fetur ya tsufa a tanki, baƙin mai ya tara danshi. Shi ya sa ake canza mata mai bisa watanni, ba bisa kilomita ba, kuma wasu samfuran sukan ta da inji da kansu don su ƙone tsohon fetur. But yakan ragu, wasu ba su da wurin safayar taya. Batirin kuma, in ya zo canji bayan garanti, kuɗinsa ya ninka na cikakkiya sau da yawa.

Ita ce kuma ta fi shan wuyar sauyin doka. Birtaniya ta cire ta daga tallafi a Oktoban 2018, Jamus a ƙarshen 2022. A Holan, sauƙin harajin motar kamfani ya sa Mitsubishi Outlander mai filogi ta yi kasuwa sosai daga 2013 zuwa 2015. Da aka ɗaga harajin a 2016, cinikin irin waɗannan motoci ya faɗi warwas.

## Motar lantarki zalla

Ba haibirid ba ce, amma duk mai duba mai filogi ya kamata ya tambayi kansa me ya hana shi ƙarasawa. Ba baƙin mai, ba filogin inji, ba salansa. Tana cin kilowat-awa 15 zuwa 20 a kilomita 100, garantin batir galibi shekara 8 ko kilomita 160,000. Rangwame mafi tsoka yawanci nata ne: a Indiya harajin kaya a kanta kashi 5 cikin 100 ne, alhali manyan motocin haibirid sun daɗe suna biyan 43 har zuwa Satumbar 2025. A ɗaya hannun, ta fi tsada ranar saye, tayoyinta sukan ci da wuri saboda nauyi, darajarta a kasuwar ta hannu ba ta da tabbas, kuma in babu caji abin dogaro a gida da kan hanya, babu inji na biyu da zai cece ka.

| Irin mota | Girman batir | Ƙarin farashi | Ragin mai | Caji | Shiga rangwame | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Fetur | babu | babu | babu | babu | a'a | tsadar mai, ƙarin haraji |
| Ƙaramar haibirid | ƙasa da kilowat-awa 1 | kaɗan | kashi 5 zuwa 10 | babu | da wuya | doka ta tsallake ta |
| Cikakkiya | kilowat-awa 1 zuwa 2 | matsakaici | kashi 30 zuwa 40 a gari | babu | ya danganta da ƙasa | zafi, makanikin da bai iya ba |
| Mai filogi | kilowat-awa 8 zuwa 20 ko fiye | mai yawa | sosai in ana caji | kowane dare | sau da yawa | rashin caji, janye tallafi |
| Lantarki zalla | kilowat-awa 40 zuwa sama | mafi yawa | ba ta shan mai | dole | kusan kullum | wurin caji, faɗuwar daraja |

## A jira ko a saya?

Shawarar da aka gabatar ba doka ba ce. Tana iya shekara a majalisa, a rage adadin, a ƙara sharuɗɗa, ko a jingine ta. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Wadda ta zama doka ma ba ta da alkawarin daɗewa. Dokar makamashi ta Amurka ta 2005 ta ba mai sayen Prius dala 3,150 daga farkon 2006, da sharaɗin rangwamen zai fara raguwa in kamfani ya sayar da mota 60,000. Toyota ta cika adadin a shekarar. Zuwa Oktoba rangwamen ya koma rabi, bayan shekara guda ya ƙare. Jamus ta rufe tallafin motocin lantarki a Disambar 2023 da sanarwar kwana ɗaya. Na Amurka na dala 7,500, wanda aka tsara zai kai 2032, ya tsaya a ƙarshen Satumbar 2025.

Jira ma yana da kuɗinsa: man da tsohuwar motarka ke sha, gyaran da za ta ci, da tashin farashi. Sannan in rangwame ya fara kowa ya ruga lokaci ɗaya, motoci sukan yi ƙaranci, dila ya daina rage ko sisi, wani ɓangare na sauƙin ya tafi ta nan. Jira yana da ma'ana ne in daftarin ya riga ya wuce majalisa, an sa ranar farawa cikin 'yan watanni, ka karanta ka ga motarka da kai kanka kun cika sharuɗɗa, kuma motar da kake hawa ba ta cin ka. In dila ya yarda, a rubuta a yarjejeniya cewa rajista sai bayan ranar farawa, kuma kana da damar janyewa in rangwamen bai tabbata ba.

## Wa ya dace da wacce

Mai yawon cikin gari, ɗan tasi, mai kai yara makaranta ya wuce aiki cikin cunkoso, duk wanda ke yin kilomita 15,000 zuwa sama kuma ba shi da wurin caji: cikakkiyar haibirid, kuma ba sai ya jira kowa ba. In rangwame ya same shi a hanya, ya karɓa.

Mai gida da wurin ajiye mota da wuta tsayayya mai sauƙin kuɗi, wanda zirga-zirgarsa ta yini ba ta wuce kilomita 50 ba amma yakan yi doguwar tafiya jefi-jefi: mai filogi. Shi ne kuma wanda jira ya fi yi wa amfani, domin tazarar farashinta babba ce, rangwame na iya juya lissafin. In a gidan akwai wata mota ta doguwar tafiya, ya duba lantarki zalla tukuna.

Wanda aikinsa kan babban titi ne, gari zuwa gari, ribar haibirid gare shi ƙarama ce. Motar fetur mai tattalin mai ko ƙaramar haibirid ta ishe shi, sai fa in rangwamen ya kusa shafe bambancin farashi. Haka wanda ba ya yin fiye da kilomita 6,000 ko 7,000 a shekara, ko wanda motarsa kan yi watanni a ajiye.

Mai ƙaramin kuɗin shiga ya fara duba ko rangwamen na wurin saye ne ko na ƙarshen shekara, kuma ko ya haɗa da ta hannu. In bai haɗa ba, cikakkiyar haibirid ta hannu da aka gwada batirinta za ta fi masa sabuwar da zai ci wa bashi. Kamfanin da zai saya wa ma'aikata masu filogi kuwa, ya shirya biyan kuɗin wutar da za su yi caji da ita a gida, ya kuma sa wurin caji a ofis, kafin ya ba da odar mota ta farko.